Badon Korau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da tabarma.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne wai shi Korau, a wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa. Gyartai ne, in ƙwaryarki ta fashe wurinsa za ki kai ya ɗinke miki. Ya iya sana'arsa, ba laifi. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya hana maƙwabci aron fartanya. Aibinsa guda ne, duk abin da za ka gaya masa ya riga ya sani. In ka ce masa hadari ya taso, sai ya ce tun jiya ya gan shi. In ka ce masa ga kunama a kan tabarmarsa, sai ya ce ai shi ya bar ta ta huta.

Matarsa sunanta Marka. Ita ba 'yar tudu ba ce. Daga Gungun Maje aka kawo ta, can bakin babban kogi, inda yaro ke iya iyo tun bai gama iya tafiya ba. Sun daɗe tare. Sun haifi 'ya'ya sun aurar, gida ya koma daga shi sai ita, sai wata kaza wake-wake da Marka ke kiwo.

Shi kuwa Tudun Aduwa jigawa ce. Rairayi gabas, rairayi yamma. Rijiyar garin ma sai hannunka ya gaji da jan igiya kafin ka ga guga.

Ran nan da bazara, sai ga Bagudu ƙanen Marka ya zo ganin yayarsa, da kifi banda a cikin kwando. Ya zauna ya sha ruwa, ya dubi gidan, ya dubi Marka, sai ya girgiza kai. Ya ce mata ta bushe kamar kara. Ya ce ya gina mata ɗaki a bakin kogi, ƙofarsa na kallon ruwa. Tunda yara sun tashi, ta zo gida ta ƙarasa kwanakinta cikin danginta, ai ba abin da ya rage mata a nan sai haɗiyar rairayi.

Marka ta sunkuyar da kai tana tsince wake.

Korau yana gefe yana ɗinkin wata ƙwarya. Da ya ji maganar nan sai basilla ta soke shi a yatsa. Abin da ke ransa shi ne ya ce mata kada ta tafi, ba zai iya zama ba ita ba. Amma bakinsa bai saba da irin wannan magana ba. Sai ya tsotse yatsa ya ce, "Me ke Gungun Majen da babu shi a nan?"

Marka ta ɗago kai ta ce, "Bado."

Sai ta fara ba da labarinsa a hankali, kamar da kanta take magana. Ta ce ganyensa na kwanciya a kan ruwa kamar an jera faya-fayai. Furensa ya buɗe da safe fari tas, rana na yin tsaka ya rufe. Suna yara sukan shiga kwalekwale su ciro 'ya'yansa, a shanya a daka a yi kunu. Ta ce rabonta da ganin furen bado tun tana goyon autarta.

Korau ya ce in dai bado ne, ai ba wani abu ba ne. Kafin a gama girbi za ta buɗe tagarta ta gan shi a bayan ɗakinta.

Bagudu ya yi dariya har ya riƙe ciki, don kun san akwai wasa tsakanin miji da ƙanen mata. Ya ce shi da kansa zai aiko da saiwar ta hannun masu kawo kifi kasuwa, yana so ya ga yadda gyartai zai ɗinka kogi a kan rairayi. Ita kuwa Marka ta ce bayan girbi za ta je ganin gida. Ba ta ce za ta dawo ba. Korau kuma bai tambaya ba.

Kashegari Korau ya ɗauki diga ya zagaya bayan ɗakin Marka. Ya haƙa, ya haƙa, har rami ya kai masa ƙugu. Sai ya shiga jidon ruwa daga rijiya, tulu bayan tulu, har ya cika ramin. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo. Sai ya tafi kiran maƙwabta su zo su ga tafki.

Ko da suka iso, ba ruwa ba alamarsa. Sai wani ƙadangare a gindin ramin yana gyaɗa musu kai. Maƙwabta suka tambaya ina tafkin. Korau ya ce ƙasar ce ke jin ƙishi, in ta ƙoshi za ta bari. Ya sake cikawa, ta sake shanyewa. Ya ƙara cikawa, ta ƙara shanyewa, har kafaɗunsa suka ɗaye.

Marka ta san mijinta. In ka ba shi shawara a fuska, sai ya yi akasinta don ya nuna maka ya fi ka sani. Don haka ba ta ce masa komai ba. Sai da yamma tana watsa wa kazarta tsaba, ta ce da ita, "Wake-wake, a garinmu in ana son ruwa ya zauna, yumɓu ake shafe ramin da shi, a tattake da ƙafa."

Korau na zaune a bakin ƙofa yana murza kafaɗa. Sai ya ce ai abin da yake shirin yi ke nan gobe, kaza ce kawai ta riga shi ji.

Ya ari jaki, ya tafi wurin maginan tukwane ya yi ta jido yumɓu. Ya shafe ramin ciki da baki, ya naɗe wando ya shiga yana tattakawa kamar mai rawa ba kiɗa. Da ya zuba ruwa wannan karon, sai ruwa ya zauna. Ya kwana ya wuni yana nan. Korau ya bi gida gida yana gaya wa mutane dabarar da ya ƙirƙiro.

Ranar kasuwa sai ga saƙon Bagudu a cikin tsohuwar tukunya. Saiwar bado ce, baƙa ƙirin, duk taɓo, tare da 'yan gwaza da tushen kacala, da kainuwa cikin tafin hannu. Korau ya duba ya yamutsa fuska. Ya ce mutanen bakin kogi ƙazamai ne, yaya za a yi fure fari ya fito daga wannan datti. Sai ya samo soso ya wanke saiwar nan tas, ya jefa ta cikin ruwa tana yawo kamar goro a ƙwarya. Kuma kowace safiya sai ya kwashe ruwan ya zuba sabo, wai kada bado ya sha tsohon ruwa.

Ba a daɗe ba sai saiwa ta fara laushi. Sai ta fara wari. Sai ƙudaje suka gane hanya. Korau ya tsamo ɗaya ya matsa, ta narke masa a hannu. Ya tsamo wata, ita ma haka. Da ya duba sosai, sai ya ga 'yan kaɗan ne suka rage da rai.

Da yamma Marka ta fito da tsaba. Ta ce, "Wake-wake, shi bado ɗan taɓo ne. A binne shi a laka, a danne da dutse, a ƙyale masa ruwansa ya tsufa. Gwaza da kacala kuma bakin ruwa suke so, ƙafa a jiƙe, kai a rana."

Korau ya yi gyaran murya ya ce dama gwaji yake yi, ya ga ko saiwar mai ƙarfi ce.

Ya tafi kududdufin bayan gari ya kwaso baƙar laka, ya cuɗa da tsohon kashin shanu, ya shimfiɗa a gindin tafkinsa. Ya binne sauran saiwar, ya danne da duwatsu. Ya dasa gwaza da kacala a baki, ya saki kainuwa ta yi ta yawonta. Ya kewaye wurin da darni saboda awaki.

To sai jira. Jira kuwa shi ne abin da Korau bai iya ba. Gari na wayewa sai ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya ɗaga dutse, ya zaro saiwa ya juya ta ya ga ko ta kama, sannan ya mayar. Gobe ma haka, jibi ma haka. Duk ɗan farin zaren da ta fitar don ta riƙe ƙasa, sai ya tsinke shi da hannunsa, sannan ya fito yana mitar cewa Bagudu ya aiko masa da malalaciyar saiwa.

Marka ta gaji da kallo ta taga. Ta fito ta sami kazarta, wadda a lokacin take kwanci a gindin rumbu, ta ce mata, "Wake-wake, ke kullum kike fasa ƙwanki ki leƙa ko ɗan tsako ya yi baki?"

Wannan karon Korau bai ce ya sani ba. Ya fito daga ruwa sumui-sumui, ya warware wandonsa. Daga ranar, in ya zo bakin tafki sai ya zauna a kan hannuwansa, don kada su shiga ruwa ba da saninsa ba.

Damina ta sauka. Wata safiya sai ga ɗan ganye ja-ja a kan ruwa, bai fi kunnen ɓera ba. Sai ga wani. Sai suka yi kore, suka yi faɗi, har suka kai faifai. Gwaza ta buɗe manyan ganyayenta, kacala ta miƙe ta fi Korau tsawo, kainuwa ta hayayyafa sai an riƙa kwashewa ana ba awaki. Kwaɗi suka tare, tsuntsaye suka riƙa saukowa shan ruwa. Marka takan ɗauko kujerarta ta zauna a wurin ta yi kaɗi, wani lokaci ta tsoma ƙafa a ruwa tana 'yar waƙar garinsu ƙasa-ƙasa. Korau yakan leƙo ta jikin darni ya gan ta, ya koma wurin ƙorensa yana murmushi shi kaɗai.

Amma fure bai fito ba. Aka yanke gero, bai fito ba. Aka yanke dawa aka kai rumbu, ganye dai ganye dai.

Sai Marka ta ɗaure kayanta. Da ma akwai fatake masu tafiya wajen kogi, za ta bi su. Ta share ɗakinta, ta kife tukwanenta, ta ɗauki ƙunshinta ta fito. Da ta zo bakin zaure sai ta tsaya. Ta gyara ɗaurin zane. Ta sauke ƙunshi ta sake ɗaurewa. Ta ce ko ta manta wani abu ne. Korau na tsaye yana kallonta. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana ce mata igiyar takalminta ta kusa tsinkewa, ta kula da ita a hanya.

Marka ta dube shi ta daɗe. Sai ta ce, "To, Maigida. Sai wata rana."

Ya ce ta gai da mutanen gida. Ta ɗauki kaya ta tafi.

Gida ya yi masa faɗi. Ya tuƙa tuwo, ya fito duk gudaji, ya ci don dole. Ya ɗauki ƙwarya zai ɗinka, sai ya tsinci kansa ya yi shiru da basilla a hannu yana sauraron ko zai ji ƙarar taɓarya. Da almuru in ya zauna bakin tafki, kwaɗi su fara kuka, shi ba kuka yake ji ba. Ji yake suna cewa, "Korau, Korau, ka kore ta. Korau, Korau, ka kore ta." Ya jefa musu tsakuwa su yi shiru, can kuma su ɗauka daga inda suka tsaya.

Har kazar ya tambaya. Ya watsa mata tsaba, ya waiga ya ga ba kowa, ya tsuguna ya ce mata me ya kamata ya yi yanzu. Kaza ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta ci gaba da tsattsagarta. Nan Korau ya gane ashe duk hikimar kazar nan ta bi fatake.

Duk da haka bai bar tafkin ya ƙafe ba. Ruwan sama ya ɗauke, amma kullum sai ya jido daga rijiya ya ƙara. Ran nan yana zuba ruwa sai ya ga wani ɗan abu ya leƙo tsakanin ganye, kore, mai tsini, kamar ƙwan zabo. Hannunsa ya kai ga basilla, don ya ɗan buɗa ya ga abin da ke ciki. Sai ya tuna, ya mayar da ita, ya zauna a kan hannuwansa.

Wata safiya ya zagayo bayan ɗaki da tulu a ka, sai ya tsaya cak. Ga shi nan ya buɗe a tsakiyar ruwa, fari sol, cikinsa rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, ƙudan zuma har ya riga shi zuwa. Korau ya dire tulu, ya juya wajen taga ya ce, "Marka, fito ki gani."

Ba wanda ya amsa. Taga a rufe take.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya shiga ɗakinsa ya ɗauko ƙwaryar da ta fi kowace kyau a cikin kayansa, wadda ba ta taɓa ganin ɗinki ba. Ya shiga ruwa a hankali, ya yanko furen haɗe da doguwar sandarsa, ya haɗa da ganye ɗaya, ya sa a ƙwarya da ruwan tafkin, ya rufe da faifai. Akwai wasu 'yan kawuna da suka fara leƙowa, waɗannan ya bar su. Ya roƙi maƙwabcinsa ya riƙa ƙara wa tafki ruwa, ya kuma ba kaza tsaba. Ya yi gammo ya ɗora ƙwarya a ka, ya kama hanyar Gungun Maje.

Yana tafe yana takawa kamar amarya, don kada ruwa ya zube. Rana ta take, sai ya gamu da wata mai tallan nono a gindin tsamiya. Ta ɗauka shi ma talla yake, ta tambaye shi ko fura ce, su haɗa. Ya ce a'a, abin da ke ciki ya fi fura. Ya sauke ya ɗaga faifai don ya burge ta, sai ya ga fure ya rufe ruf. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ya mutu. Mai nono ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, barcin rana yake, gobe zai farka. Korau ya ce ya sani. Ta tambaye shi ina zai kai shi. Da ya ce Gungun Maje, sai ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ba shi ludayin nono kyauta, ta ce ya sha, mai irin wannan tafiya yana bukatar ƙarfi.

Ya kwana a wani zango. Da safe fure ya buɗe, amma ba kamar jiya ba. Ya ci gaba da tafiya. Can ya tsaya yin salla a bakin hanya, ya ajiye ƙwarya a inuwa. Yana sallamewa sai ya ga jakin wani falke ya ture faifai da hanci, ya shanye rabin ruwan, ya kuma cinye ganyen nan ɗaya yana lumshe ido. Korau ya yi kansa da sanda. Falke ya ba shi haƙuri, ya ƙara masa ruwa daga gorarsa, ya tambaye shi wannan ciyawa maganin me ce. Korau ya ce ba ciyawa ba ce, bado ne, Gungun Maje zai kai. Falke ya dube shi, ya dubi jakinsa, ya ce lalle duniya da faɗi take. Ya kora jakinsa ya wuce, Korau na jin dariyarsa har ya sha kwana.

Ya yi ta tafiya har ƙafafunsa suka yi bororo. Rairayi ya ƙare, ƙasa ta yi baƙi, iska ta fara warin kifi. Wata safiya sai ga shi a bakin kogi, Gungun Maje na can tsallake. Ya sami mai fito ya shiga kwalekwale, ya rungume ƙwaryarsa a cinya.

Suna zagaye wani kurmin kacala, sai Korau ya saki baki. Bado ne iya ganinka. Dama bado, hagu bado, fari da shuɗi, dubu bisa dubu, duk a buɗe, kowane ya fi nasa girma. Mai fito yana tura su gefe da gora yana tsaki, yana cewa wannan ciyawa ta ishe su, ta toshe hanya ta hana su jefa taru. Sai ya tambayi Korau me ya rungume haka kamar jariri.

Korau ya ɗan ɗaga faifai ya leƙa. Furensa ya yi yaushi, ya langaɓe, gefensa ya yi ruwan ƙasa. Ya mayar da faifai, ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe ƙwaryar, ya ce ba komai ba ne, kayan sana'a ne. Ya so ya ce a juya da shi, amma kwalekwale ya riga ya taɓa gaci.

A nan bakin ruwa kuwa mata ne zaune suna ɓarar 'ya'yan bado a kan tabarmi, Marka na cikinsu. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi. Bagudu na gefe yana gyaran taru, bayansa ga sabon ɗaki da ƙofarsa na kallon ruwa, an shafe shi da farar ƙasa, har an kafa mata murhu a gaba. Korau ya ga murhun nan, ya ƙara rungume ƙwaryarsa.

Bagudu ne ya fara ganinsa. Ya tashi yana marhabin da mijin Yaya, yana tambaya ko kogin Tudun Aduwa ne ya yi ambaliya ya koro shi. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa. Korau ya ce wucewa yake, an ce masa akwai fasassun ƙore da yawa a wannan yanki. Bagudu ya ce ai kuwa hanya ba ta wuce Gungun Maje, daga nan sai ruwa.

Ita kuwa Marka idonta na kan tudun da ke ƙarƙashin rigarsa. Ta taso ta durƙusa gabansa ta gaishe shi, sannan ta miƙa hannu. Ya riƙe ƙwarya gam. Ta ci gaba da miƙa hannu. Sai ya saki.

Ta ɗaga faifai. Mata suka miƙo wuya. Da suka ga abin da ke ciki, suka dubi kogi, suka sake duban ƙwarya, sai dariya ta ɓarke. Wata har da faɗuwa a kan tabarma. Bagudu ya ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa kawo musu tsaraba mai wuyar samu irin wannan ba. Korau ya sunkuyar da kai, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Marka ba ta yi dariya ba. Ta sa hannu biyu ta ɗago furen, ruwa na ɗiga daga sandarsa. Ta ce, "Na ina ne wannan?"

Ya ce, "Na bayan ɗakinki ne. Da ya fi haka kyau. Hanya ce ta yi nisa."

Ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Ta ce, "Shi kaɗai ya kawo ka, Maigida?"

Korau ya buɗe baki zai ce wani abu game da fasassun ƙore, sai ya rufe. Ya ce, "Ya buɗe, na kira ki, ba ki amsa ba. Ban san yadda ake zama a gidan nan ba ke ba, Marka. Ban sani ba. Ki zo mu koma."

Matar da ta faɗi don dariya ta tashi zaune ta gyara ɗankwali. Bagudu ya koma kan tarunsa yana ta neman wata huda da babu ita.

Marka ta mayar da furen cikin ƙwarya ta rufe da faifai a hankali. Sai a lokacin ta yi dariya, tana yi tana share ido da bakin zane. Ta ce masa shekara da shekaru tana zaune da shi, yau ne ta fara jin akwai abin da bai sani ba. Ta ce ya bari ƙafarsa ta warke tukuna, kuma ba za ta tafi ba sai ya sha kunun bado ya ji abin da take ba shi labari.

Bagudu ya yi ƙorafi, ya ce to ɗakin da ya sha wahalar ginawa fa. Marka ta ce ɗaki na nan, duk kaka za su riƙa zuwa su biyu su kwana a ciki, shi kuma ya riƙa ciyar da su kifi.

Da ƙafar Korau ta warke, Bagudu da kansa ya fito da su a kwalekwalensa. A tsakiyar ruwa Marka ta sa ya tsaya, ta naɗe hannun riga ta ciro saiwar shuɗin bado, irin wanda ba su da shi a gida. Ta miƙa wa Korau da taɓonta da komai. Ya karɓa da hannu biyu, taɓo na zuba a kan rigarsa ta zuwa unguwa, bai ko goge ba.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan na ajiye muku.

To kun ji. In kuna son mutum ya zauna, ku faɗa masa da baki tun yana bakin zaure. Ya fi sauƙi a kan ɗaukar ƙwarya a ka har Gungun Maje. Ku tashi ku je ku kwanta.